Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: "Uwarki ta ɓata mana iri"

Makon jiya na tsaya a inda Mami ta sa ni a jirgi zuwa Santiyago ta Jamhuriyar Dominika. Dalilin dai kun riga kun ji. A watan Oktoban 1994 magajin garin Niyu Yok, Giuliani, ya sa 'yan sanda suka tashi masu kasa kaya a titi na 125 a Harlem, har da teburin Baba na huluna da jakunkuna. Aka tura shi da 'yan uwansa mutanen Nijar wani fili a titi na 116, inda masu saye ba sa zuwa kamar da. Kuɗin haya ya gagara, Mami ta koma aikin masana'anta, aka ce a kai ni Jamhuriyar Dominika wurin kakata kafin al'amura su daidaita.

Ranar da na sauka, kafin ta tambayi lafiyar 'yarta, Abuwela, wato kakata, ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske. Ta lanƙwasa kunnena ta leƙa bayansa, ta cusa yatsunta cikin gashina suka maƙale. Sai ta dubi Tiya, 'yar'uwar Mami, ta ce, "Aure don gyaran iri ake yin sa. Duk fararen da ke Amurka, ta rasa wanda za ta kwaso sai mutumin Afirka." Ni kuma ta ce mini, "Uwarki ta ɓata mana iri." Sifaniyancina a lokacin bai nuna ba, amma wannan na gane shi sarai, don na yi ta jin sa safe da yamma har na bar gidan.

Abuwela fa ba fara ba ce. Da a Kano take, ko wankan tarwaɗa ba za a ce da ita ba, baƙa ce kamar ni. Amma a katinta na ɗan ƙasa, wurin launin fata, "india" aka rubuta, wato mai launin mutanen asalin tsibirin, haka na Tiya, haka na kusan duk wanda na sani a unguwar. Kullum cewa take, "Mu ba baƙaƙe ba ne, baƙaƙe suna can Haiti." In na daɗe ina wasa a tsakar gida sai ta ƙwala mini kira: "Shigo daga ranar nan, wanda kike da shi bai ishe ki ba?"

'Yar Tiya, wadda kowa ke kira Rubiya saboda hasken fatarta da jan gashinta, ita ce 'yar gaban goshi. Da safe mu biyu muke zuwa neman sa albarka. Ita a rungume ta a sumbace ta, ni a amsa mini daga kan kujera. Uban Rubiya mutumin ƙauyukan kan dutse ne, fari sol, ya tafi ya bar su tun tana goye, ko peso ɗaya bai taɓa aikowa ba. Amma hotonsa na nan rataye a falo kusa da na Altagracia, wato Maryama uwar Yesu. Baba kuwa, da teburinsa da babu teburinsa, bai taɓa barin wata ya mutu ba tare da ya aiko ba. Kuɗinsa ne ya sauya kwanon rufin ɗakin da ke yoyo, kuɗinsa ne ya biya wa Rubiya makaranta. Hotonsa da Mami ta aiko, yana sanye da babbar riga ranar Sallah, a ƙasan akwati ya ƙare. Wai shi ne ya ɓata iri.

Ranar Asabar ranar gashi ce. Can duk gashin da ya murɗe sunansa mugun gashi, mai santsi kuma gashin kirki, haka manya ke faɗa a gaban yara ba tare da ko ɗar ba. Tiya ke zama a kujera ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, ta shafa mini basilin a goshi da kunnuwa da ƙeya. Abuwela ta tsaga gashin gida huɗu, ta ɗebo farin man nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da bayan mataji, ta bi tushe tana shafawa. Da farko sanyi za ka ji, can sai ƙaiƙayi, sannan wuta. In na ce yana ci na, sai Abuwela ta ce bai kama ba tukuna, mai son kyau sai ya sha wuya. Tiya ta danne mini hannuwa don kada in sosa. Sai an ga ina shure-shure ake kai kaina bakin famfo. Daga nan a naɗe gashin a manyan robobi, a tura ni ƙarƙashin na'urar busarwa ta maƙwabciya, in an ɗauke wuta kuma, abin da ba ya wuya a Santiyago ta wancan lokacin, in yini da robobin a ka. Washegari gashin ya manne da ɓawon ƙuna, mu tafi coci ana yaba yadda na yi kyan gani. Har yau akwai wuri a ƙeyata da gashi bai sake tsirowa ba.

Akwai kuma ɗan icen nan da ake maƙale wanki da shi a igiya. Da daddare Abuwela kan matse mini hanci da shi, wai ya tsaya ya yi tsini tun ƙashin bai yi ƙwari ba.

Zaɓen 1996 a gidan ya same ni. José Francisco Peña Gómez, baƙin mutum mai murya kamar aradu, shi ya zo na ɗaya a zagayen farko. Sai tsofaffin abokan gaba biyu, shugaban ƙasa Balaguer da tsohon shugaba Juan Bosch, suka haɗa kai suka mara wa Leonel Fernández baya, ya kayar da shi a zagaye na biyu. Duk sanda fuskar Peña ta fito a talabijin sai Abuwela ta yi tsaki ta ce ɗan Haiti ba zai mulke su ba, sannan ta waiwayo ta dube ni. Mutumin a ƙasar aka haife shi a 1937, shekarar da iyayensa suka gudu daga kisan da shugaban kama-karya Trujillo ya sa aka yi wa 'yan Haiti, wasu mutane suka raine shi.

Shekarar 1937 ɗin nan ce dangin Mami ke kawo mini duk sanda na ɗaga maganar. Abuwela 'yar Dajabón ce, garin bakin iyaka da Haiti, tana ƙaramar yarinya lokacin da sojoji suka bi mutanen Haiti da baƙaƙen yankin da adduna a watan Oktoba, suka kashe dubbai. Suka ce wanda ya ga haka da idonsa, dole ya tashi yana tsoron fatarsa. Na yarda. Na kuma san Trujillo, wanda ya mulke su daga 1930 zuwa 1961, kakarsa ta wajen uwa jinin Haiti ce, shi kansa hoda yake shafawa don ya yi haske. Ya zaunar da Yahudawan Turai a Sosúa a 1940, daga baya ya kawo Japanawa ya ba su gonaki har a Dajabón ɗin. Gyaran irin da Abuwela ke faɗa daga fadar gwamnati ya gangaro har tsakar gidanmu. Duk na san wannan, na karanta, na yi mata kuka a kansa. Amma tsoro bai hana ta sumbatar Rubiya ba. Shekarun da na yi a hannunta, ko sau ɗaya bakinta bai furta cewa ina da kyau ba, sai dai "kin yi dama-dama" ranar da aka ƙona mini kai.

Da na haifi 'yata ta fari a nan Kano, Abuwela ta riga ta rasu. Tiya ta kira ta bidiyo ranar suna, gida cike da mata. Bayan barka, abin da ta fara cewa shi ne, "Juyo mini kunnenta in gani." Ta nan suke gane launin da jariri zai tsaya a kai. Na kife wayar. A wannan taron ne kuma wata daga dangin maigidana ta ɗaga yarinyar tana cewa Allah ya sa hasken nan ya zauna, farar mace alkyabbar mata. Ita ma na ba ta amsa a gaban kowa, har yau gaisuwarmu sama-sama ce, ban kuma yi nadama ba.

Tiya ɗin nan yanzu ta bar gashinta ya murɗe, tunda yayinsa ya zo Santo Domingo, babban birnin ƙasar. Tana sa hotuna a Facebook tana rubuta cewa tana alfahari da jinin Afirka. Ita ce dai a 2013, da kotun tsarin mulki ta yanke cewa 'ya'yan baƙin haure da aka haifa a ƙasar tun daga 1929 ba 'yan ƙasa ba ne, hukuncin da ya fi faɗawa kan jikokin 'yan Haiti masu saran rake, ta rubuta cewa an yi daidai, a tsabtace ƙasa. Na tuna mata ranakun Asabar, ta ce ita ba ta tuna ba, wai Abuwela ce ke yi ita kaɗai. Tiya, gwiwoyinki ne suka riƙe ni. Rubiya na tsaye a bakin ƙofa tana kallo, ki tambaye ta.

Mami ba ta san komai ba sai da aka aika mata hoton makaranta, ta ga gaban goshina ya zube. Ta nuna wa Baba. Bai ce uffan ba, ya ranci kuɗin jirgi wurin wani abokinsa ɗan Maraɗi. Da labarin zuwansa ya iso, Abuwela ta bi maƙwabta gida-gida tana gaya musu cewa surukinta Ba'amurke ne, kada wani ya ɗauka ɗan Haiti ne. Abin da ya faru tsakaninsa da sojoji a motar haya kafin ya iso gidan, da abin da ya gaya wa Abuwela a falonta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.