Mai usur da masu sharhi: wa ke yi wa wa adalci a ƙwallon Gaelic?

A garin Drogheda da nake zaune da iyalina, a gabashin ƙasar Ayilan, in kana so ka ga fuskar dattijo ta canza, ambaci masa wasan ƙarshe na lardin Leinster na shekarar 2010. Ba ƙwallon ƙafar da muka saba da shi nake nufi ba. Ƙwallon Gaelic ne, wanda kowane ɓangare ke sa mutum 15, ana kama ƙwallo da hannu, ana harbawa da ƙafa. In ta shiga raga maki uku ne, in ta bi ta saman sanda tsakanin dogayen ƙarafa biyu maki ɗaya. Ɗana na biyu ne ya jawo ni ciki tun da ya fara buga wa kulob ɗin unguwarmu, yanzu kuwa ba na bari wasan gundumarmu Louth ya wuce ni.

A wancan wasan, ranar 11 ga Yuli a filin Croke Park na Dublin, Louth tana gaban maƙwabciyarta Meath da maki ɗaya, lokaci ya kusa cika. Rabon Louth da kofin Leinster tun 1957. Ana cikin turmutsutsu a bakin raga sai Joe Sheridan na Meath ya faɗa cikin ragar da ƙwallon a hannunsa, abin da doka ba ta yarda da shi ba. Alƙalin wasa Martin Sludden, mutumin Tyrone, ya ce ƙwallo ta ci, aka ɗaga koriyar tuta. Meath ta tafi da kofi. Wasu magoya baya suka shiga fili suka far masa, sai da 'yan sanda suka kewaye shi suka fita da shi. Daga baya shi da kansa ya amsa cewa ya yi kuskure, amma ba a sake wasan ba. Sai a watan Mayun 2025 Louth ta ɗauki wannan kofi, kuma Meath ɗin ta doke. Na ga manyan mutane suna kuka a titi ranar.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ce ina kare alƙalan wasa ido rufe. Kuskuren mai usur yana da ciwo, kuma yana iya cinye wa gunduma guda shekara goma sha biyar. Wanda ya faɗi cewa Sludden ya yi kuskure gaskiya ya faɗa. Damuwata tana kan abin da ake yi bayan an faɗi gaskiyar, musamman a ɗakin sharhi na talabijin.

Shirin The Sunday Game na gidan talabijin na ƙasa, RTÉ, wanda ake yi tun 1979, shi ne kotun ƙolin wannan wasa a idon jama'a. Tsofaffin 'yan wasa ne ke zama a kan kujeru, ana dawo musu da hoton abin da ya faru ta gaba, ta baya, ta gefe, a hankali, sau nawa suka ga dama. Shi kuwa alƙalin wasa sau ɗaya ya gani, yana gudu, numfashinsa sama-sama, a filin da tsawonsa ke kai mita 145, faɗinsa mita 90, mutum talatin na kai-komo a gabansa, 'yan kallo sama da dubu tamanin na ihu a kansa. Mataimakansa su ne masu tuta biyu a gefe da mutum huɗu masu fararen riguna a bayan raga. Ba sana'arsa ba ce. Kamar 'yan wasan kansu, ranar Litinin zai koma aji ko ofis ko gona. Wanda ke kan tudu bai san zurfin ruwa ba, amma shi ne ke da lasifika.

Abin da ya faru da David Gough a 2019 shi ya fi tsaya mini a rai. Kerry da Dublin ne a wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya, Dublin na neman ɗaukar kofin Sam Maguire karo na biyar a jere, abin da ba a taɓa yi ba. Tun kafin a naɗa alƙalin wasa, wasu daga ɓangaren Kerry, ciki har da tsohon kocinsu Éamonn Fitzmaurice, suka ce bai kamata a ba Gough ba, saboda ko da yake ɗan Meath ne, a Dublin yake zaune yake aiki. Aka ba shi. Kafin hutun rabin lokaci ya kori Jonny Cooper na Dublin bayan katin gargaɗi na biyu, kan ƙetar da ya yi ta yi wa David Clifford na Kerry. Sai ga Joe Brolly, mai sharhi a RTÉ a lokacin, tsohon ɗan wasan Derry, lauya kuma, yana faɗa wa ƙasa baki ɗaya cewa surutun da ya fito daga Kerry ne ya yi tasiri a kan Gough. Ku duba fa: kafin wasa an ce zai fifita Dublin, ana cikin wasa an ce tsoron Kerry ya kama shi. Ina mutumin nan zai sa kansa? Da Brolly ya ce katin bai dace ba, ya kawo doka ya nuna dalili, da sharhi ya yi, ko da ban yarda da shi ba. Amma ya tsallake hukuncin ya shiga zuciyar mutum, wurin da babu kyamarar da ke haskawa. An tashi wasan kunnen doki, kuma da aka zo sake bugawa RTÉ ba ta sa Brolly ba.

Ba alƙalai kaɗai ke shan wannan ba. A 2013, Seán Cavanagh na Tyrone ya rungumo Conor McManus na Monaghan ya kayar da shi yana daf da cin ƙwallo. Katin gargaɗi aka ba shi, don abin da dokar lokacin ta tanada ke nan, Tyrone kuma ta yi nasara da tazarar maki biyu. Brolly ya fusata har ya taɓa mutuncin Cavanagh a matsayinsa na namiji. Fushinsa kan irin wannan ƙeta yana bisa hanya, ni ma ba na son ganinta. Sai dai gurgun yana jikin doka, kuma hukumar GAA mai kula da wasan ta riga ta amince da baƙin kati, mai fitar da ɗan wasa daga fili kan irin wannan ƙeta, tun farkon wannan shekarar, aka fara aiki da shi a 2014.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba. In ana tuhumar alƙalin wasa saboda unguwar da yake kwana, me ya sa ba a tuhumar mai sharhi saboda rigar da ya sa shekara da shekaru? A wannan wasa ba a sayen ɗan wasa, kowa gundumarsa yake buga wa, da ita zai mutu. Pat Spillane, wanda ya daɗe yana sharhi a RTÉ, ya ci kofin ƙasa sau takwas da Kerry, kuma a 2003, ranar da Tyrone ta doke Kerry da maki 13 da 6, ya kwatanta salon wasan Tyrone da amai. Mutanen arewacin Ayilan, inda Tyrone take, ba su manta ba. Ban ce ƙarya yake yi da gangan ba. Mutum ne, kuma jini ya fi ruwa kauri. Uzurin da muke yi masa shi nake so a yi wa mai usur.

Na'ura ma tana kuskure. An sa na'urar Hawk-Eye a Croke Park a 2013 don tantance ko ƙwallo ta bi tsakanin ƙarafa, amma a 2022, a wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Galway da Derry, ta ce bugun Shane Walsh ya fita waje alhali ya shiga. Sai a hutun rabin lokaci aka mayar wa Galway makinta, aka kashe na'urar. Ban ji wanda ya ce na'urar 'yar Derry ce ba.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne, abin da aka faɗa a talabijin daren Lahadi yana saukowa filin yara ranar Asabar. Na tsaya a gefen fili a wasan ɗana, ana yayyafi, na ji wani uba yana kiran alƙalin wasa maci amana. Alƙalin nan matashi ne da bai fi shekara ashirin ba, ya bar barcinsa ya zo don yaranmu su samu wasa. Na ga hannunsa yana rawa lokacin da yake rubutu a ɗan littafinsa. A 2022 an kai wa wani alƙali hari a wasan matasa a gundumar Roscommon, har alƙalan gundumar suka ajiye usur na ƙarshen mako guda, wasanni suka tsaya cik.

Sabbin dokokin 2025, da kwamitin Jim Gavin, tsohon kocin Dublin, ya tsara, sun taimaka ta wani gefen: ɗan wasan da ya yi wa alƙali gardama ana matsar da ƙwallo mita 50 zuwa ragarsu, kuma na ga bakuna sun mutu a fili. Ta wani gefen sun ƙara masa kaya, don yanzu ga da'irar mita 40, wadda bugu daga wajenta ta saman sanda ke zama maki biyu, ga lissafin mutum nawa suka rage a kowane rabin fili. Abin da nake so in gani shi ne a zaunar da tsohon alƙalin wasa a ɗakin sharhi kowane mako, ya karanta dokar kafin kowa ya buɗe baki, sannan a fara nuna abin da ya faru da gudunsa na ainihi, daga inda mai usur yake tsaye. A manyan wasannin Croke Park kuma, in ƙwallo ta shiga raga ana tantama, a bar shi ya kalli hoton da mu muke kallo a gida kafin a ɗaga koriyar tuta.