Ɗinkin Sallar da Na Karɓa Don Kunya

Tun ina yaron shago maigidana yake ce mini, "Kai dai bakinka bai iya a'a ba." Dariya kawai nake yi, har azumin 2024 ya zo.

Ni da yarana biyu, in wuta ta zauna, kaftani huɗu muke fitarwa a rana. Kafin goma ga azumi littafina ya cika. Sai ga Goggo da ledar shadda daga Kantin Kwari, ta jikoki biyar. "Ɗan nan, ai kai ne namu." Na ce, "To Goggo, ba komai." Aminin Baba ya aiko da babbar riga, maƙwabta suka biyo baya. Kowa ba komai. Rabinsu ma nauyin faɗa musu kuɗin ɗinki nake ji.

Ga zafin bazara, ga wuta ba ta zama, ga litar fetur ta haura naira 600. Janareta ya cinye ɗan abin da na samu.

Sallah ta kama Laraba. Ranar Talata da daddare, bayan Isha'i, wani malamin firamare ya shigo riƙe da hannun ɗansa. Tun watan Sha'aban ya kawo yadinsu, ya biya cif. Da yake ba mai magana ba ne, kullum nasa nake turawa ƙarƙashin tebur in ɗauko na masu mita. Na jawo masa shi a yanke, alli ma bai goge ba. Yaron ya kalli yadin, ya kalli ubansa.

"Malam, da ka ce ba za ka iya ba, ai da na kai wani wuri."

Abin da uban ya faɗa ke nan. Ya naɗe kayansa suka fita.

Da nake kiran halin nan kara, ashe yaudarar kaina nake yi. So nake a ce wane mutumin kirki ne, kuma wanda bakinsa ya fi kaifi shi nake fara sallama. Ita Goggon ma cewa ta yi wuyan riga ɗaya ya karkace.

Azumin da ya biyo baya, ranar goma na rufe littafi. Goggo ta zo ranar ashirin. Zuciyata na dukan uku-uku na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, sai bayan Sallah, ko in haɗa ki da wani tela." Sati biyu tana amsa gaisuwata a daƙile, daga baya ta aiko mini da dambun nama.

Malamin nan dai bai sake taka shagona ba. Mukan haɗu a masallacin Juma'a mu gaisa.