Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar da Muka Bar Birni

A makon jiya na tsaya a daren da takardar mai gidan haya ta iso, wadda a ciki ya sanar da mu cewa zai ƙara kuɗi, karo na uku ke nan cikin shekara huɗu. Yau daga nan zan ɗora.

Daren nan ban runtsa ba. Da yara suka yi barci, na ɗauko littafin da nake rubuta shige da ficen kuɗin gidanmu, na zauna ina juya shafukansa. Sana'ata ke nan, lissafi nake riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa, kuma tun daga 2020, lokacin kullen korona, yawancinsu suka saba da turo mini takardunsu ta waya ina yi musu aikin daga gida. Masana harkar gidaje suna da wani ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi: idan haya ta haura kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu, nauyin ya yi yawa. Tamu, da sabon ƙarin, ta doshi rabi. Shekarar 2022 ce, wadda yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin mai da na hatsi a duniya baki ɗaya, kuɗin mota ya tashi, cefane ya tashi, samu kuwa yana nan inda yake. Na duba watanni goma sha biyu a baya, ban ga wata ɗaya da muka ajiye ko sisi ba. Uku daga ciki da bashi muka rufe su.

Wani abokin aikina ya taɓa yi mini zancen gidan kawunsa da ke wani ƙauye, tafiyar awa biyu a mota daga inda muke. Kawun ya rasu, 'ya'yansa duk sun watse cikin birane, gidan yana rufe ana neman wanda zai zauna don kada ya lalace. Hayarsa ta shekara ba ta kai abin da muke biya a wata biyu ba. Kafin asuba na gama lissafina, kuma a takarda ya yi kyau ƙwarai: rabin abin da muke kashewa zai tsira.

Da safe na nuna wa matata. Ta karanta a natse har ƙarshe, ta ɗago ta ce, "Maigida, ka lissafa haya, ka lissafa kuɗin mota, ka lissafa makarantar yara. Ina ɗinkina yake a nan?"

Ban sa shi ba. Shekara tara tana ɗinki a cikin gida, matan da ke kawo mata aiki duk 'yan unguwa ne, masu zuwa da ƙafa. Na ce mata ai ko'ina akwai masu sa tufafi. Ta yi shiru, ba ta yi musu ba. Har yau idan na tuna wannan amsa tawa sai in ji nauyi a zuciya, domin na ba ta amsar ne don in rufe maganar, ban tsaya na auna abin da take nufi ba.

Yayana shi ne ya fi kowa adawa. Ya zo har gida ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Duniya na gudu zuwa birni, kai kana gudu daga cikinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Na ce, "Yaya, zaman nan ma rawar ce, kuma ƙafata ta gaji." Bai yi ƙarya ba game da inda duniya ta dosa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke zaune, ana kuma hasashen za su kai kashi 68 a 2050. Mutane ba su taru a wuri ɗaya don son cunkoso ba. Aiki yana nan, asibiti yana nan, makaranta tana nan, mai saye yana nan. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, kuɗin hayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba na ɗakuna uku da tsakar gida ba ne kaɗai, mafi yawansa kuɗin kusanci ne. Na ɗauka idan na daina biyansa shi ke nan na huta. Ashe nisa ma yana da nasa kuɗin, sai dai shi ba ya turo takarda a ƙarshen shekara, kaɗan-kaɗan yake karɓa, wani lokaci kuma cikin dare.

Muka tashi ana saura 'yan makonni damina ta faɗi. Ba zan tsawaita kan ɗaukar kaya ba, mota ɗaya ta kwashe mu, yara uku suna ta murna kamar yawon buɗe ido za su.

Makon farko ya ci abin da na yi zaton za mu tara a wata huɗu. Rufin ɗaki biyu yana yoyo, ƙofar baya ta ruɓe, masai sai an sake shi. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali wuta ce, domin da ita abincinmu yake. Layin lantarki ya iso ƙauyen, sai dai a yi kwana uku ba a ga ƙyallinsa ba. Ba wuta ba kwamfuta, ba kwamfuta ba aiki. Dole na koma ga hasken rana. Sa'ar da muka yi ita ce farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, ba don haka ba, mai ƙaramin ƙarfi irina ba zai ko tunkare su ba. Na zauna na lissafa: kwamfutata tana jan kimanin wat 60, awa takwas ke nan wat-awa 480 a yini, ga na'urar intanet, ga ƙwayayen fitila, ga fanka. Na sayi batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200, wanda a rubuce yake ɗaukar wat-awa 2,400, na ce ya isa har da rara. Ban san cewa batir mai dalma da ruwa ba a shan fiye da rabin abin da ke cikinsa ba, idan ana son ya yi ƙarko. Mu kuwa kullum sai mun tsotse shi ƙarƙaf kafin gari ya waye. Bai cika shekara ɗaya da rabi ba ya mutu. Na zaɓe shi ne saboda ya fi na litiyom sauƙin kuɗi, kuma araha ba ta ado.

Sai ruwa. Wanda ya girma yana murɗa famfo bai san nauyin ruwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Mu biyar ne, mafi ƙaranci lita 250 ke nan, jarka goma mai lita 25, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Rijiyar burtsatsen tana can ƙarshen gari. Ni da babban ɗana muke turo kura da sassafe, amma ranar da aiki ya riƙe ni, a kan mahaifiyarsu abin yake faɗawa. Damina ce ta cece mu. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda kowa ke ce wa Baba, ya ga muna tara bokitai a bakin indararo ya ce, "Ɗana, rufinka rijiya ce, ba ka dai haƙa ta ba." Na koma na yi lissafi na ga gaskiyarsa: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce cif. Rufinmu ya kai murabba'in mita 80, wato ruwa mai milimita 20 zai ba mu lita 1,600 a dare ɗaya. Muka haɗa bututu zuwa tanki, muka riƙa barin ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube kafin mu buɗe masa hanya. Tankin ma kuɗi ne, kuma bai cikin lissafin daren nan.

Duk waɗannan abubuwa ne da kuɗi ke gyarawa. Na matata ya fi haka zurfi. Wata uku kekenta yana lulluɓe da zane. Mutanen ƙauyen suna da telansu da suka saba da shi, kuma ba sa ɗinka sabo sai jefi-jefi. Wata rana da yamma na fito na same ta zaune a bakin ƙofa, hannu a ƙasa, tana kallon hanya. Na ce, "Maman yara, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau. Ba kuɗin ne ke damuna ba, Maigida, shirun ne. Can ko ban fita ba, mutum biyar za su yi mini sallama kafin azahar. Nan ni da kaji." Ban sami abin faɗa ba. Na zauna kusa da ita har duhu ya shiga. Ni na zo da aikina a cikin jaka, ita kuwa nata aikin mutane ne, kuma mutanen ba sa shiga mota.

Ita ta samo wa kanta mafita, ba ni ba. Ta musanya keken lantarkinta da na ƙafa, ta riƙa kiran tsofaffin masu kawo mata aiki ɗaya bayan ɗaya, suna turo mata awo da hoton abin da suke so ta waya, sau biyu a wata ta shiga birni ta kai wanda ta gama ta karɓo sabo. Kusan rabinsu suka dawo. A ƙauyen kuma ta fara da gyaran tsofaffin kaya, waɗanda telan gari ba ya son taɓawa, daga nan 'yan mata biyu suka fara zuwa koyo. Da su ne sallama ta dawo gidan.

Yanzu na zo kan daren da ya sa na daɗe ina jinkirin rubuta wannan kashi. A wata na bakwai, autarmu, tana da shekara huɗu, ta wuni da zazzaɓi. Muka ba ta magani, ya sauka, muka ce da safe a kai ta ɗakin shan magani na ƙauyen. Wajen ƙarfe ɗaya na dare uwar ta tashe ni da wata irin murya da ban taɓa jin ta ba. Yarinyar tana jijjiga, idanu sun kakkafe. A tsohon gidanmu, asibiti tafiyar minti goma ce, kuma ko ƙarfe nawa ne za ka sami abin hawa a bakin titi. Nan ɗakin shan maganin a rufe yake tun magariba, asibiti mafi kusa kuma kilomita 40 ne, rabin hanyar ba kwalta. Ba mu da mota, ba mu da babur. Na sayar da babur ɗina kafin mu taso, na sa kuɗin a gyaran rufi, da tunanin cewa mai aiki daga gida ba ya buƙatar abin hawa.

Na fita ba takalmi na buga ƙofar Baba. Bai tambaye ni komai ba, ya ga fuskata kawai ya juya ya tashi ɗansa mai a-kori-kura. Uwar ta rungume yarinyar a gaba, ni da Baba muna baya a tsaye muna riƙe da ƙarfe, domin tsohon ya ƙi zama a gida. Awa ɗaya da kwata muka yi a hanya. Kowane rami sai in ji kamar a ƙirjina motar ta faɗa. A cikin wannan duhu babu abin da ke yawo a kaina sai littafin nan nawa da layukansa masu kyau, da yadda na rubuta "lafiya" na sa masa adadin da muke kashewa a birni, kamar dai asibitin zai biyo mu.

Allah ya sa muka isa da sauran kwana. Likita ya ce zafin zazzaɓin ne ya kawo jijjigar, abin da kan sami ƙananan yara, suka riƙe ta kwana uku suka sallame mu. Da na je yi wa Baba godiya na miƙa kuɗin mai, ya mayar mini da hannuna ya ce, "Ɗana, ajiye. Ka sayi abin hawa ko tsoho ne, kuma kada ka sake kwana da mara lafiya kana jiran safiya. Nan ba a jiran safiya." Kafin wata ya ƙare na sayi tsohon babur, na karɓi lambar duk mai mota a garin na rubuta a jikin ƙofa, muka kuma ware wani abu duk wata da ba a taɓa shi sai irin wannan dare.

Da shekara ta zagayo na buɗe littafin, wannan karo tare da ita. Rabin da na yi alkawari bai tsira ba. Shekarar farko kusan kunnen doki muka tashi, rufi da sola da tanki da babur sun lashe rarar. Amma ba mu ci bashin kowa ba, karo na farko cikin shekara huɗu. A shekara ta biyu, da manyan sayayyan nan suka wuce, muka ajiye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya shigo, duk da sabon batir da kuɗin motarta zuwa birni. Na faɗa wa Yaya ta waya, ya yi shiru sannan ya ce, "To, madalla. Amma yaron nan naka bana zai gama firamare. Ina za ka kai shi?"

Matata tana ji. Da na ajiye wayar ta jawo littafin gabanta, ta karɓi biron daga hannuna, ta buɗe sabon shafi ta rubuta sunan yaron a sama. A ƙarƙashi ta rubuta nisan makarantar sakandare mafi kusa da mu: kilomita 18.

Yadda muka yi da wannan, da rigimar da ta jawo tsakanina da Yaya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.