Tambayar da ban yi wa Baba ba

Na shekara biyu ina tsare kemis a Aboabo, nan Kumasi, ina ɗauka aikin bai wuce karɓar sidi da miƙa ƙwaya ba. Akwai wani dattijo mai dako a kasuwar Kejetia, kusan kullum bayan magariba sai ya leƙo: "Ɗana, ba ni na ciwon jiki." In ba shi diclofenac, wani lokacin ibuprofen. Can kuma ya fara haɗawa da maganin ƙwannafi. Ni dai ciniki nake gani.

Hajiyar da ke duba shagon, wadda ta karanci haɗa magunguna, ita ta tsare shi wata rana. "Baba, tun yaushe ƙirjin nan ke maka zafi?" Ya ce an fi shekara biyar, har tuwo ya fara tsaya masa. Yadda yake shan ƙwayar ma abin tsoro ne: ciki wayam, ruwa kurɓi ɗaya, sai tabarma.

Bayan ya tafi ta zaunar da ni. Ta ce irin waɗannan magungunan ciwon jiki suna rage sinadarin da ke kare bangon ciki, shi ya sa suke jawo olsa, kuma ƙwayar da ta maƙale a hanyar abinci tana iya ƙona wurin. Shi kuwa ruwan ciki mai tsami, in ya daɗe yana hauhawa, yakan sauya fatar ƙasan hanyar abinci. Wannan ne ciwon Barrett, sunan likitan fiɗa Norman Barrett da ya yi rubutu a kai a 1950. Ba daji ba ne, yawancin masu shi ma ba sa kaiwa can, amma ta nan wani nau'in dajin ke shigowa, kuma sai an zura kyamara ake gane shi.

Da rawar kaina na ce ai na karanta wani gwaji na 2018 a Birtaniya inda asfirin haɗe da esomeprazole, maganin rage tsamin ciki, ya taimaki masu Barrett. Ta ce haka ne, amma waɗancan likita ke bin su, kuma asfirin ɗin nan na iya sa ciki zubar jini. Wa ke bin Baba?

Ta rubuta masa takarda zuwa asibitin Komfo Anokye, ta mayar da shi kan farasitamol kafin nan. Ya karɓa yana ƙunƙuni, wai wannan ba ya jin sa.