Ƙananan ampli na jita, sana'ata a Agadas

Ni da gyaran rediyo na fara, amma yanzu rabin aikin shagona ƙananan ampli ne na jita, wato akwatin ƙara sautin jita, irin masu aiki da batir ɗin nan da yaro zai rataya a kafaɗa ya hau moto ya tafi bayan gari. Wanda ya san Agadas ya san ba a biki ba jita, Buzaye sun riƙe ta hannu bibbiyu, to kuma kowane makaɗi da ka gani gaban manyan sifiku a ƙaramin ampli ya koya, a zaure ko kan tabarma ana dafa shayi.

Wanda aka fi nema Roland Micro Cube ne, wat 2 kacal, batir ƙanana guda 6 yake ci, tun 2004 aka fito da shi amma har yau in na samu na hannu ba ya kwana biyu a shago. Akwai Blackstar Fly 3 mai wat 3, sai ɗan Marshall MS-2 mai wat 1 da ake maƙalawa a bel, shi kam gaskiya na yara ne, kana ƙure shi sai ya koma kukan zuma a gwangwani.

Saidawa dai ribar kaɗan ce, abincin yana wajen gyara. Kuma wallahi ba kiɗa ke kashe su ba, wuta ce. Batir 6 ɗin nan volt 9 suke badawa, sai yaro ya ga sayen batir ya ishe shi ya jona na moto mai volt 12 kai tsaye, ko ya tsinci wata caja a gida tunda bakinta ya shiga shikenan, bai san yawancin kayan jita tsakiyar bakin cajarsu negatif ne ba, akasin na dikoda da sauransu. Sai ƙauri ya tashi ya kawo min yana cewa "Malam haka kawai ya yi shiru". Haka kawai? Ina buɗewa hancina ke faɗa min gaskiya. Shi ya sa nake haɗa musu 'yar waya da regileta 7809 a ciki mai sauke wuta zuwa volt 9, da diyod mai hana wuta shiga a juye, su jona batirin moto hankali kwance, ba tsada.

Na biyu ƙura. Lokacin hunturu tana shiga maɓallin ƙara, kana murɗawa yana ƙarar-ƙarar, wannan feshi kawai nake yi, sau da yawa ko kuɗi bana karɓa. Sai masu barin batir mai araha a ciki wata da watanni, zafi ya sa ya tsiyaye ya cinye sifirin.

In za ka sayi na hannu, buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko tsatsa, ka girgiza wayar jita a bakin jak, wato ramin da ake jona ta, ka ji ko sauti na yankewa, sannan a yi ciniki.