Baburan da ke ƙarƙashin Bahar Maliya

Laraba. Tun kafin asuba jirginmu ya bar Sharm el-Sheikh ta Masar za mu nitso, don wurin da Thistlegorm, jirgin ruwan Birtaniya da ya nutse, yake kwance akwai nisa. Auta ta sha barcinta duk hanya. Yaya kuwa sai shayi da surutu.

Ruwan da ɗumi, ga shi garau. Igiya muka bi muka sauka, na riƙe ta hannu bibbiyu saboda ruwa na ja sosai. Muna cikin sauka sai ga jirgin ya bayyana a ƙasanmu, tsawonsa ya haura mita 120, kifaye sun lulluɓe shi. Murna ta kusa sa na saki abin shaƙar iska daga bakina.

A nitso na biyu muka shiga rumbunan kaya da tocila. Babura ƙirar BSA da Norton a jere, wasu a bayan motocin Bedford, zanen tayoyinsu bai goge ba har yau. Ga takalman roba, ga bindigogi tsatsa ta manne su wuri guda. Kayan sojojin Birtaniya ne, aka lodo su daga Glasgow a 1941, suka zagayo ta kudancin Afirka za su Iskandariya. Jirgin yana tsaye yana jiran a ba shi hanya ta mashigin Suez, sai jiragen saman yaƙin Jamus suka sakar masa bam a daren 6 ga Oktoba, wuta ta kama rumbun albarusai. Ƙarfin fashewar ya wurgar da kawunan jirgin ƙasa biyu da yake ɗauke da su, suna can kan yashi a zurfin wajen mita 30, ɗaya ta kowane gefe.

To a nan raina ya ɓaci. Wani mutum daga wani jirgin, ba ɗan tawagarmu ba, ya dafa babur ɗaya yana murɗa wani ɗan ƙarfe a jikin kansa. Tsatsa ta tashi ta turnuƙe hasken tocilata. Jagorarmu ta ƙwanƙwasa tukunyar iskarta, ta kaɗa masa yatsa. Ya ɗaga mata hannu wai lafiya lau, amma da idona na ga ya cusa abin a aljihun rigarsa. Minti ukun da muke tsayawa a mita 5 kafin mu fito, da shi na yi su a raina.

Muna hawowa na faɗa wa Yaya. Ya ce, "Kai ma dai, ƙarfe ne fa. Ko bai ɗauka ba gishiri zai cinye shi."

Na ce, "Yaya, mutum tara suka mutu a jirgin nan."

Ya ce Allah Ya kyauta, amma ai tun da Jacques Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken ƙarƙashin teku, ya gano jirgin a shekarun 1950 ake kwasar kaya, shi kansa ya fito da babur da ƙararrawar jirgin. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma maganar ta fi yi min ciwo. Ka duba motocin, yawancinsu babu sitiyari. Baburan an cire musu tambari da murafun tanki. Kowa ya ce nasa ɗan ƙarami ne. Har kumfar numfashinmu tana taruwa a rufin rumbu tana ƙara cin ƙarfen, igiyoyin da ake ɗaure jirage da su kuma suna yagar gefensa. Wannan ɓarnar ta zuwanmu ce kawai, ina za a kai ta wanda ya zo da niyyar ɓallewa? Gishiri ya yi shekara 80 da ɗoriya bai ƙarasa babur ɗin nan ba, mutumin ya rage shi cikin ƙiftawar ido.

Yaya ya ce na cika ɗaukar abu da zafi. Na yi shiru, ba don na yarda ba.

Abincin rana a jirgi, ban ci na kirki ba. Auta ta ɗauko hoton wani kunkuru kusa da bindigar da ke bayan Thistlegorm, sai nuna wa kowa take yi. Kunnena na hagu a toshe tun la'asar.

Jagorar ta ce ta kira jagoran wancan jirgin ta rediyo ta faɗa masa abin da mutuminsa ya yi. Gobe nitso a Ras Muhammad, kusa da Sharm el-Sheikh. Yaya ya ce shi zai tashe ni, na ce ya bari, na saita ƙararrawa.