Hitar da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba

Manyan motocin da ke iso mana Maraɗi daga Turai, musamman na Euro 5 da Euro 6, wato matakan dokar rage hayaƙi ta Turai, suna da ƙaramin tanki mai shuɗin murfi a gefen na gazuwal. Wani ruwa mai suna AdBlue ake zubawa ciki, kashi 32.5 cikin ɗari yuriya, sauran tataccen ruwa. Ana fesa shi cikin salansa mai zafi don ya kashe gubar hayaƙi. Ruwan nan yana daskarewa in sanyi ya kai digiri 11 ƙasa da sifili, shi ya sa masu ƙera motar suka sa hita a tiyonsa da famfonsa. A motoci da yawa tankin kansa ruwan injin ne ke ɗumama shi.

Ko a tsakiyar hunturu sanyinmu bai kusanci haka ba. Don haka ba na ganin laifin mai mota in ya ce mini, “Malam, ina ruwan motata da ƙanƙara a garin nan?” Nakan ce masa, “Alhaji, ita kwamfutar ba ta san Maraɗi take ba.” Duk lokacin da aka murza makulli sai ta bincika layin hitar. In ta tarar ya yanke ko ya taɓa jikin mota, ta kunna fitila a gaban direba. A wasu motocin, in aka bar matsalar AdBlue ta daɗe, sai a rage wa injin ƙarfi, ka ga mota da lodin albasa tana jan jiki kan hanyar Ɗan Isa.

Abin da aikin nan ya fi koya mini shi ne lambar matsalar da kwamfuta ke bayarwa layi take nunawa, ba kayan da za a saya ba. A ƙananan motoci P20B9 tana nufin layin hita a buɗe yake. A manya, lambar FMI 5 kusan haka take cewa. Layin kuwa ya haɗa fiyus, rile (makunnin da kwamfuta ke sarrafawa), wayoyi, soket, mas (wayar da ke mayar da wuta jikin mota), sannan ita hitar. Tiyo mai hita na da tsada, kuma ba kullum ake samunsa nan kusa ba. Raina na ɓaci in na ga an sa mutum ya saye shi alhali wayar da ta goga da shasi ce ta tsinke.

Akwai tarkon da zafin garinmu ke ɗana wa mai gyara. Yaro zai sa mita a soket ɗin hita, ya ga babu wuta, ya ce rile ya mutu. Lafiyarsa ƙalau. Kwamfuta ba ta kunna hita sai ta ji sanyi, a nan kuwa ba za ta ji ba. Dole ka umarce ta da na'urar bincike ta kunna layin, sannan awonka ya yi ma'ana. Kafin haka nakan zare soket in auna hitar ita kaɗai. Mai lafiya om kaɗan take nunawa (om ma'aunin turjiyar waya ga wuta ne), adadin kuma yana cikin littafin kowace mota. In mita ba ta nuna komai ba, hitar ta yanke a ciki.

Sai wayar da ke ruɗin mutane. Mita za ta nuna bolt 24 cif, ka rantse layin lafiya yake, alhali silin tagulla ɗaya ko biyu suka rage cikin robar. Mita ba ta jan wuta, hita kuwa tana ja: mai om 4 a kan bolt 24, amfiya 6 take nema. Kamar tiyon ban-ruwa ne da aka taka, in ka toshe bakinsa za ka ji shi cike, in ka sake sai ɗigo. Saboda haka nake haɗa ƙwan fitilar mota a madadin hitar. In ya yi ja-ja maimakon fari tas, sai in bi wayar gaba-gaba, har ɓangaren mas, ina auna inda wutar ke zubewa.

Sau da yawa a soket ɗin da ke kusa da famfo take zubewa. AdBlue in ya yi yoyo yana bushewa ya bar farin gari kamar gishiri, kuma yana cin tagulla. Ka buɗe soket ka tarar ƙafafunsa sun yi kore, ɗaya ta sirance har tana lilo. Kankarewa kaɗai ba ta isa ba. Sai an wanke garin da ruwan ɗumi, an busar, an sauya ƙafar da ta ci, an kuma toshe yoyon, in ba haka ba motar za ta dawo bayan damina da ciwonta.

Na san akwai masu sa ƴar na'urar da ke yaudarar kwamfuta, a kashe tsarin baki ɗaya. Ba na yi. Hayaƙin nan mu da ƴaƴanmu ke shaƙarsa a tasha da bakin kasuwa, gyaran kuma galibi bai wuce waya taku biyu, robar rufi da sabuwar ƙafar soket ba. Bayan gyara nakan ɗaure wayar nesa da salansa da bakin ƙarfe, in share lambar, in kashe mota in sake tayarwa, in jira kwamfuta ta gama bincikenta kafin in miƙa wa direba makulli.